Shekaruna 62, Kuma Kantunan Ingila Ba Su Da Rigar Da Ta Dace Da Ni

Assalamu alaikum. Ni 'yar Katsina ce, shekaruna 62, ina zaune a Manchester tare da maigidana, kuma har yanzu ina aikin rabin yini a wata makarantar firamare. Damuwata ita ce sutura. Atamfa da leshi ina da su cike da akwati, amma sanyin ƙasar nan da yanayin aikina ba sa barina in riƙa sa su kullum. Idan kuwa na shiga manyan kantunan cikin gari, abu biyu nake tararwa: ko dai kayan 'yan mata, matsattsu, gajeru, marasa hannu, ko kuma wasu riguna masu launin toka da ba su da fasali ko kaɗan, waɗanda ko mahaifiyata ba za ta yarda ta sa ba. Lambar da nake saye a da ta daina shigata a ciki, wadda ke gaba da ita kuma tana zubowa a kafaɗa. Sau da yawa nakan fito daga ɗakin gwaji raina a ɓace, har na fara ƙin zuwa taron mutane, kuma ga shi akwai walimar auren ɗiyar ƙawata nan da wata biyu. Da na yi wa 'yata ƙorafi sai ta ce, “Mama, a shekarunki wa ke kallo? Ki sa baƙar abaya ki huta.” Maganar ta tsaya mini a rai. Shin son duniya ne ya yi mini yawa, ko kuwa akwai mafita?

Hajiya, daga Manchester

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi nauyi a cikin wasiƙar. Son ki fita cikin suturar da ta rufe ki, ta kuma yi miki kyau, ba son duniya ba ne. Ya zo a cikin hadisi ingantacce da Muslim ya ruwaito cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ma ya yi kyau, sai aka ba shi amsa cewa Allah kyakkyawa ne kuma yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ba a sanya wa wannan magana iyakar shekaru ba. Mu da muka tashi muna ganin iyayenmu da kakanninmu suna kashe ɗauri, suna turara zani, suna zaɓen mayafin da zai shiga da atamfa ko da kuwa barka kawai za su je a maƙwabta, mun san cewa a wurinmu ado ba na amare kaɗai ba ne, wani ɓangare ne na mutuncin babbar mace. Saboda haka ki sauke wannan nauyin daga zuciyarki tukuna.

Abu na biyu da nake so ki riƙe shi ne, abin da kike gani a kantunan nan gaskiya ne, ba idonki ne ya canza ba, kuma matan Ingila sa'anninki, waɗanda ba ruwansu da mayafi ko abaya, suna yin irin wannan kukan. Cikin 'yan shekaru kaɗan an rufe yawancin wuraren da mace mai shekaru kan shiga ta fito da abin sawa. Kantunan BHS sun rufe a 2016. Kamfanin Arcadia ya durƙushe a ƙarshen 2020, shagunansa irin su Wallis da Dorothy Perkins da Evans, wanda shi ne ya shahara da manyan lambobi, suka ɓace daga kan titi suka koma intanet kawai. Debenhams, wanda tarihinsa ya faro tun 1778, ya rufe shagunansa na ƙarshe a watan Mayun 2021, bayan da kamfanin Boohoo, mai sayar da kayan matasa ta intanet, ya sayi sunan a kan fam miliyan 55 ba tare da ya ɗauki shagunan ba. Bonmarché, wanda aka gina shi musamman don mata masu shekara 50 zuwa sama, ya shiga hannun masu kula da bashi a 2019, ya sake shiga a 2020, ya fito da shaguna ƙasa da na da. Waɗanda suka rage da ƙarfi a tsakiyar gari galibi masu saurin sauya yayi ne, waɗanda ribarsu take cikin yarinyar da za ta sayi riga mai arha yau, ta dawo bayan mako uku ta sayi wata. Mace irinki, wadda ke son riga ɗaya mai kyau da za ta yi mata shekara biyar, ba da ita aka yi lissafin ba, duk da cewa sau da yawa ita ce ta fi 'yan matan kuɗin saye. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma rashin dabarar kasuwanci ne.

Batun lamba kuwa yana da bayani mai sauƙi. Ɗinkakkun kaya ana fitar da su ne daga samfuri guda, wanda ake gwadawa a jikin mace ɗaya mai ƙaramar lamba, yawanci matashiya, sannan a riƙa ƙara 'yan inci a ko'ina da ko'ina domin a samar da manyan lambobi. Jikin mace kuwa ba haka yake sauyawa ba. Bayan ɗaukewar jinin al'ada, wanda a Birtaniya kan zo a wajajen shekara 51, sinadarin da ke tura ƙiba zuwa cinya da kwatangwalo yana raguwa, sai ta koma tana taruwa a ciki da ƙugu. Damtse yana ƙara kauri, ƙirji yana sauka, tsawo ma yakan ɗan ragu, amma faɗin kafaɗa yana nan yadda yake domin ƙashi ne. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa lamba ɗaya take matse ki a ciki, ta gaba da ita kuma take zubowa a kafaɗa. Ƙari a kan haka, babu wata doka a Birtaniya da ta tilasta wa kamfanoni su yi amfani da awo ɗaya, don haka lamba 16 ta wannan kanti tana iya zama 14 ko 18 a kantin da ke kusa da shi. Babban binciken awon jiki da aka yi wa mutum kusan 11,000 a ƙasar, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2004, ya nuna cewa matsakaicin ƙugun mace ya kai inci 34, alhali a 1951 inci 27 da rabi ne, wato tsohon fasalin tsukakken ƙugu da ake yanka riguna a kansa ya daɗe da daina zama fasalin yawancin mata. Hannun riga da shafi da aljihu kuwa, waɗanda kike nema kina rasawa, kowannensu ƙarin yadi ne da ƙarin aikin keke, kuma su ake fara cirewa idan ana son a karya farashi.

Kafin in wuce, akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Idan girman cikin ya zo ne a hankali cikin shekaru, wannan abu ne da aka saba gani. Idan kuwa kumburi ne da ya taso cikin 'yan makonni, ba ya sauka, musamman idan yana tare da saurin ƙoshi ko ciwon mara, to ki ga likitanki kafin ki ga tela, domin likitoci suna son a duba irin wannan ga macen da ta haura hamsin.

Shawarata ta asali ita ce ki daina barin kanti ya yanke miki hukunci a kan jikinki, ki koma ga abin da kika sani tun kina yarinya. Ke kin fito daga al'ummar da ake auna mace sannan a yanka yadi, ba a taɓa cewa ta gyara jikinta don ya shiga riga ba, kuma wannan ilimi ne da yawancin maƙwabtanki Turawa suka rasa tun zamanin kakanninsu. Ki samu tef ɗin awo, ki sa wata ta auna ki yadda tela zai yi: faɗin kafaɗa, ƙirji, ƙarƙashin ƙirji, ciki a inda ya fi faɗi, kwatangwalo, kaurin damtse, tsawon hannu, da tsawon riga daga kafaɗa zuwa inda kike son ta tsaya. Ki rubuta a inci da santimita, ki ajiye a waya, ki kuma jefa tef ɗin a jaka. Daga nan duk rigar da ta burge ki, ki shimfiɗa ta ki auna kafin ki ɗauke ta zuwa ɗakin gwaji, kuma kada ki ƙara damuwa da lambar da aka rubuta a wuyanta. Wannan kaɗai zai rage miki yawan tuɓewa da sakawa a gaban madubin nan mai tsananin haske, wanda shi ne yake ɓata miki rai.

Idan za ki saya, ki sayi wadda ta wadaci wurin da ya fi faɗi a jikinki, sauran kuma ki kai wa mai gyara. Tsuke gefe, rage tsawo, kalmashe hannu da sa aljihu ayyuka ne masu sauƙi da arha, kuma yawancin masu wankin kaya a unguwanni suna da mai keke a ciki. Gyaran kafaɗa da hammata shi ne mai wuya da tsada, don haka riga mai sakakkiyar kafaɗa, ko wadda aka yanka hannunta haɗe da jikinta irin yankan bubu, ta fi sauƙin zama a jikinki fiye da mai tsayayyar kafaɗa. Idan tsawonki bai wuce ƙafa 5 da inci 3 ba, ki duba sashen da suke rubuta wa Petite, domin a can an gajarta tsakanin kafaɗa da ƙugu, kuma mata da yawa suna wuce shi suna zaton na sirara ne, alhali na gajeru ne. Ki riƙa ƙara kuɗin gyara a cikin lissafin kowace riga tun kafin ki biya. Riga biyu da aka gyara suka zauna daidai sun fi goma da ke rataye ba a sawa.

Akwai kuma maganar rigar mama, wadda mu mata mukan ji nauyin yin ta. Mata da yawa suna nan da lambar da suka sani tun suna goyon fari, alhali jiki ya daɗe da barin wurin, kuma idan ta ciki ba ta zauna ba, babu rigar da za ta zauna a kanta. Kantunan Marks & Spencer suna yin wannan awon kyauta, mace ce take yi, a keɓantaccen wuri. Ki fara da shi kafin ki auna sauran jikin.

A kan yadi zan ɗan tsaya, domin a nan ne ake yawan cutuwa. Fiye da rabin zaren da ake sarrafawa a duniya yanzu foliyesta ne, wato dangin roba, kuma shi ne ke cikin yawancin rigunan nan masu sheƙi da arha. Ba ya shan gumi, yana riƙe wari, yana manne wa jiki, kuma ga macen da zafin jiki ke taso mata lokaci zuwa lokaci, wahala ce ta gaske, musamman a ƙasar da ake fita cikin sanyi a shiga ɗaki mai na'urar ɗumama. Ki saba da juya riga ki karanta ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gefen ciki, inda doka ta wajabta a rubuta abin da aka saƙa ta da shi. Auduga da lilin da ulu su ne abin nema, biskos ma, wanda ake rubutawa viscose, yana da sanyi kuma yana zuba da kyau ko da yake yakan ɗan tsuke a wanki. Maganin sanyin Manchester kuwa ba riga ɗaya mai kauri ba ce. Siririyar rigar ɗumi mai dogon hannu a ciki, da wandonta, sannan doguwar riga, sannan buɗaɗɗiyar rigar ulu mai tsawo da za ki iya cirewa a aji, sun fi amfani. Da wannan tsarin, atamfar da ke cikin akwatinki ma ta dawo cikin lissafi, domin abin da ya hana ki sa ta shi ne rashin abin da za a sa a ƙarƙashinta da kuma irin ɗinkin da aka yi mata.

Ina ganin a nan ne mafitarki mafi kyau take. Zani da ɗauri ba za su yi miki daɗin aiki a cikin yara ba, amma atamfa mai natsattsen launi da aka ɗinka doguwar riga miƙaƙƙiya, mai dogon hannu, da shafin auduga, da aljihu biyu, sutura ce ta aiki da babu shugabar makarantar da za ta ga aibunta. Haka kuma za a iya yi miki riga mai kaiwa gwiwa da za ki ɗora a kan wando mai faɗi, ko kwat marar nauyi da za ki sa a kan baƙar riga. Kada ki ji kamar atamfa baƙuwa ce a garin da kike: atamfar ABC, wadda iyayenmu ke kira Ingila suna sanya ta a sahun gaba a lefe, a Hyde ake buga ta, nan gefen Manchester, kafin a mayar da aikin Ghana a shekarun 2000.

Game da tela, hanya biyu ce. A nan kusa da ke, unguwar Longsight da kasuwarta, da titin Wilmslow, da Cheetham Hill, cike suke da shagunan 'yan Pakistan da Larabawa da Somaliyawa masu sayar da yadi da dogayen riguna, kuma da yake matansu ma yadi suke saye su kai ɗinki, teloli mata ba sa wuyar samu ta hanyar masu shagunan ko ta matan masallaci. Rigunansu na auduga masu kaiwa gwiwa, masu hannu da tsaga a gefe, suna daga cikin ɗinkakkun kayan da suka fi dacewa da babbar mace a duk garin.  Hanya ta biyu ita ce telan gida, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai ina gargaɗinki da abu ɗaya: teloli da yawa a Kano da Katsina da Kaduna yanzu hannunsu ya saba da ɗinkin 'yan mata mai kama jiki, kuma idan awo kawai kika tura ta WhatsApp, za su matse ƙugu ko ba ki ce ba. Ki aika da rigar da ta fi zama a jikinki, ki ce a kwaikwaye ta sak, ki kuma nemi a bar yadi a cikin ɗinkin gefe yadda za a iya buɗawa daga baya. Ki fara da guda ɗaya a yadi mai arha, in ta yi, sannan ki ba da masu tsada.

Ban ce ki ƙaurace wa kantuna gaba ɗaya ba. Ki mayar da su wurin sayen abin da suka iya: rigunan ɗumi, suwaita, kwat ɗin ruwa, wando, takalmi mai taushi. Ɓangaren maza yakan fi na mata samun suwaitar ulu ta gaske mai tsawo, a farashi ɗaya ko ƙasa. Kamfanoni irin su Seasalt suna yin rigunan auduga masu hannu da aljihu, John Lewis kuma yana da masu taimaka wa mutum zaɓen kaya kyauta idan an nemi lokaci, kuma idan kika je ki faɗa wa wadda za ta taimaka miki sharuɗɗanki tun farko, tsawo da hannu da wuya, domin kada ta ɓata miki lokaci. Shagunan ƙungiyoyin agaji a unguwannin masu hali, irin su Didsbury, sukan samu kwat na ulu tsohon yi, wanda ya fi na yanzu inganci. Gwanjo ne, kuma babu abin kunya a cikinsa.

Manyan lambobi da dogayen riguna sun fi yawa a shafukan kamfanonin fiye da cikin shagunansu, don haka ya kamata ki san haƙƙinki. A dokar Birtaniya, abin da kika saya ta intanet kina da kwana 14 daga ranar da ya iso ki sanar cewa kin fasa, ko da babu aibu a jikinsa, sannan wasu kwana 14 ki mayar, ko da yake wasu kamfanoni suna cire kuɗin aikawa. Abin da kika saya a cikin shago kuwa, idan ba shi da aibu, karɓarsa ya rage ga ƙa'idar shagon, saboda haka ki tambaya kafin ki biya, ki kuma adana rasit. Kayan da aka ɗinka a kan awonki ba sa cikin wannan dama ta kwana 14. Amfanin saye ta intanet a wurinki shi ne za ki gwada a ɗakinki, da takalminki da mayafinki, cikin natsuwa.

Sai maganar 'yarki. Ban yi zaton ta yi nufin ta ɓata miki ba; mai yiwuwa ta ga kina wahala ne ta nemi ta gajarta miki hanya, kuma yarinyar da kowane kanti ke ɗinka kaya don jikinta ba za ta gane abin da kike ji ba sai an nuna mata. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bai kamata ki haɗiye maganar ba. Ki kira ta a lokacin da babu kowa, ki ce mata kalmar nan ta “wa ke kallo” ta yi miki ciwo, domin ba don a kalle ki kike ado ba, don ki ji daɗin jikinki ne, kuma mahaifinta yana nan da ransa. Sannan ki ba ta aiki: ita ta riƙe tef ta auna ki, ita ta riƙa tace miki kaya a intanet bisa tsawo da irin yadi, ita ta mayar da waɗanda ba su yi ba. Abaya sutura ce mai kyau da kamala, ki sa ta duk ranar da ranki ya so, amma ban yarda ki mayar da ita maɓoya ba.

Walimar nan kuwa ki je. Wata biyu sun isa a ɗinka kaya a nan Manchester, amma sun yi kaɗan idan za a aika gida a jira mai zuwa ya taho da su, don haka a wannan makon ki buɗe akwati ki fitar da leshi ko shaddar da kika fi so, ki je awon rigar mama, sannan ki kai wa tela. Ki ce a yi miki bubu ko doguwar riga mai shafin auduga, wuyan ya zama daidai yadda siririyar rigar ɗumi ba za ta leƙo ba, kuma ki yanka wa telan ranar karɓa mako biyu kafin walimar, domin a samu lokacin gyara idan wani wuri bai zauna ba.